Kantin cikin coci: wata uku ina sayen burodi a wani ƙauyen Ingila

Kwalbar zuma ce ta jawo wannan rubutu. Na kai ta majalisarmu ta bayan La'asar, gindin dogon yaro a Mabera, na aje kan tabarma na ce kowa ya lasa, tsarabar Ingila ce. Wani abokina da muka yi aiki tare shekaru, mutumin da ba ya cin abu sai ya ji asalinsa, ya ɗauki kwalbar yana jujjuyawa, ya ga zanen wata hasumiya a takardar jikinta.

"Alhaji, wanga gini fa?"

Na ce coci ne, kuma a cikinsa kantin yake.

Ya aje kwalbar a hankali kamar ta yi zafi. "Cikin coci kas sayo muna zuma?"

Har aka kira Magariba ban gama ba su amsa ba, shi ya sa na ce bari in rubuta, kowa ya karanta a nutse.

Ɗiyata nas ce, a nan Sakkwato ta yi karatu, yanzu tana aiki a wani asibiti can Ingila. Ta haihu a ƙarshen damina ta 2025, Hajiya ta tafi wankan jego, ni kuma aka ɗauke ni ɗan rakiya. Ba a Landan suke ba. Wani ƙauye ne da ba zan faɗi sunansa ba, gidajensa ba su fi na ɓangare ɗaya na Gwiwa ba, babu kasuwa, babu mai shayi, babu ko mai tireda. Bas tana bi ta ciki sau kaɗan a yini, ran Lahadi ko ƙurarta ba ka gani. In ba ka da mota kuma madara ta ƙare, wuri ɗaya gare ka.

Yadda aka ba ni labari, da can akwai kanti na wani mutum, da gidan waya a cikinsa. Ya tsufa, ya rufe, aka mai da wurin gidan kwana. Mutanen ƙauyen suka yi karo-karo, kowa ya sayi hannun jari daidai ƙarfinsa, suka nemi izinin manyan cocin, aka ware musu ƙarshen ginin daga ciki, can nesa da inda ake ibada, suka kafa kantoci da firji da tebura huɗu na shan shayi. Mutum ɗaya kawai ke karɓar albashi a wurin. Sauran duk aikin sa kai ne, kuma kusan duk sun girme ni ko sa'o'ina ne.

Makon farko ban shiga ba. Surukina nake aikawa. Ranar da na shiga, shi yana wurin aiki, ana yayyafi, Hajiya na son madara, ta kuma yi mini irin kallon da ba a musu da shi. Na tura wata ƙofar katako mai nauyin gaske, ƙamshin kofi da warin danshin tsohon dutse suka tare ni lokaci ɗaya. Na taka biyu sai na lura da rubutu a kan duwatsun daɓen, sunaye da shekaru. Kaburbura ne, na mutanen da aka binne cikin ginin ɗaruruwan shekaru da suka wuce. Na tsaya cak. Daga nan na fara tsallake-tsallake, ina neman dutsen da ba shi da rubutu, kamar mai ƙetare kwatar Tsohuwar Kasuwa bayan ruwa. Wata tsohuwa mai farin gashi a bayan kanta ta zuba mini ido har na iso, ta tambaye ni ko ƙafata ce ke ciwo. Na gaya mata mu ba ma taka kabari. Ta yi shiru, ta dubi ƙasa, ta ce shekara arba'in tana bi ta kansu ba ta taɓa tunanin abin ba. Washegari ta nuna mini hanyar gefe, ta jikin bango, inda daɓen sabo ne. Ta nan na riƙa bi har na taho. Ita ce na sa wa suna Uwar Kanti.

Masu son jin hukuncin shiga, ni ba malami ba ne. Na kira malamina a waya, abin da muka yi da shi tsakaninmu ne. Abin da zan iya shaida shi ne ciniki ya kai ni, kuma a wata uku babu wanda ya taɓa miƙo mini takardar wa'azi ko ya tambaye ni addinina, sai ranar da maganar miya ta taso, zan zo kanta.

Kaya dai masu kyau ne, ban da tsada. Burodin safe yana isowa da ɗuminsa, mai tauri a baya, ba irin namu mai zaƙi ba, amma kwana uku bakina ya saba. Ƙwai daga wata gona ce ta bayan gari, wani lokaci da ɗan gashin kaza a jiki. Akwai cuku iri-iri, ko ɗaya bai yi kama da wanda Buzaye ke kawo mana ba, na Turawan mai laushi ne da gishiri. Zumar kuwa ta wani dattijo ce mai amya a bayan gidansa, kuma ita ce abin da ya fi komai a kantin, babu haɗin sukari ko ɗigo. Inda na kusa faɗuwa shi ne wajen albasa. Ƙwaya uku cikin raga, sama da fam ɗaya, a lokacin da fam ke kusan naira dubu biyu. Ni da na taso ina ganin buhunan albasar Wurno da Goronyo jibge kamar tsauni, na riƙe ragar ina dariya ni kaɗai. Surukina ya ce a manyan kantunan birni komai ya fi araha, gaskiya ne kuma, amma sai ka ƙona mai ka je.

Shayin ba zan yabe shi ba. A ɗan tulu ake kawowa, da madara mai sanyi a gefe, ka haɗa da kanka. Duk mai shayin da ya miƙa wa mutum irinsa a Kofar Atiku, ranar zai naɗe teburinsa. Akwai wani ɗan burodi da suke ci da shi, kamar fanken da bai ga mai ba, ana tsaga shi a shafa man shanu da markaɗaɗɗen 'ya'yan itace. Wannan ya yi. Miyar rana kuma, ranar kabewa, ruwa ne mai launi. Na fito da ƙullin yajin da Hajiya ta dako mana tun daga gida na barbaɗa. Dattijon mai zuma yana teburin kusa, ya nemi ya ɗanɗana. Ya lasa da bakin cokali, ya yi tari har hawaye, fuskarsa ta koma jar kanwa, da ya samu numfashi sai ya ce a ƙara masa. Daga ranar muka zama abokai.

Ga maganar miyar. Wata Laraba na tambayi wata mai hidima ko akwai naman alade a miyar wake da suka yi. Ta ce a'a, babu, sai ɗan kaɗan da aka yanka don ƙamshi. Da zuciya ɗaya ta faɗa. Na yi mata bayani cewa wannan abu kaɗan ɗinsa da mai yawansa duk ɗaya ne a wurinmu, ta yi ta ba da haƙuri. Duk Musulmin da zai je irin wannan wuri ya tambaya sau biyu, ya kuma karanta bayan alewa kafin ya saya wa yara, don wasu da sinadarin alade ake ɗaure su. Naman halal babu shi sam, sai an shiga birni.

Sauran aibobin a taƙaice: ƙarfe 4 sun rufe, Asabar da azahar, Lahadi ba a buɗewa. Teburin gidan waya safiya biyu kawai yake aiki a mako. Bashi babu, ko na ƙwandala, ko da kai da mai kantin kun sha shayi tare. Sanyin ginin kuma sai wanda ya ji, dutse ne tun daga ƙasa har sama, da kwat a jikinka za ka sha shayin. Sau ɗaya na yi tattaki cikin ruwa na tarar an rufe ana jana'iza a ciki, ba sanarwa a waje. Na koma gida hannu rabbana, Hajiya ta ce, "To, ka ga abin da munka gaya maka, kanti cikin coci."

Amma ba burodi ne ya sa nake zuwa kullum ba. Allon sanarwa ne da ke soron shiga.

Shekara 31 na yi a sashen kuɗi na wata ƙaramar hukuma kafin in yi ritaya, don haka ko a ina na ga lambobi jere a takarda, ƙafata tsayawa take. Allon an raba shi biyu. Hagu na coci: lokutan ibada, jerin masu kawo furanni, daren da masu kaɗa ƙararrawa ke gwaji, da asusun gyaran rufi. Dama na majalisar ƙauye. Na ɗauka abu ɗaya ne, don dukansu kalma ɗaya suke amfani da ita, farish. Uwar Kanti ta warware mini. A zamanin da, taron coci ne ke riƙe da harkokin ƙauye, har da kula da matalauta da hanyoyi. Dokar 1894 ce ta raba su, ta kafa majalisar ƙauye ta zaɓe wadda ba ruwanta da addini, coci kuma ya ci gaba da nasa kwamitin. Yau irin waɗannan majalisu na ƙauyuka da ƙananan garuruwa sun kai wajen 10,000 a Ingila. An raba su a takarda, amma a wannan ƙauyen ita Uwar Kanti kansila ce, kuma ɗaya ce daga cikin wakilai biyu da ake zaɓa duk shekara su kula da ginin coci, ga kuma kanti. Na ce mata a wurinmu da an ce ta tara sarautu. Ta ce da za ta samu mai karɓar ko ɗaya, da ta gode masa.

A ɓangaren dama na ga takardar da ta tsayar da ni. Jerin kuɗin da majalisa ta kashe ne: yankan ciyawa kaza, inshora kaza, albashin akawu kaza, batirin na'urar farfaɗo da zuciya kaza. Na'urar tana cikin tsohon jan akwatin tarho na bakin hanya, wanda kamfanin tarho na BT ke sayar wa majalisu a kan fam ɗaya. Ƙa'ida ce a kan ƙananan majalisu, waɗanda kuɗin da ke bi ta hannunsu bai wuce fam 25,000 a shekara ba, su bayyana duk abin da suka kashe da ya haura fam 100. Kuma duk shekara akwai kwanakin aiki 30 da mai sha'awa zai iya zuwa ya ce a buɗe masa littattafai da rasiɗai ya duba. Na tsaya gaban allon nan da burodi a hammata, ina tuna baucocin da suka bi ta hannuna, da cewa a shekara 31 ba mutum ɗaya daga cikin talakawan da muke yi wa aiki da ya taɓa ganin ko bangon littafin. Ban ce an ci ba. Na ce ba a gani ba.

Ita ce ta gayyace ni zamansu na Oktoba, a zauren taron ƙauye, ƙarfe 7 da rabi na dare. Na tambaya ko baƙo na iya shiga. Ta ce kowa na iya shiga, doka ce tun 1960, kuma Margaret Thatcher ce ta kawo ƙudirin tana sabuwar 'yar majalisa. Shekarar da muka samu 'yanci ke nan. Ajandar ma dole a liƙa ta kwana uku cur kafin zama.

Kada kowa ya zaci wani babban abu na gani. Kansiloli shida ne kan kujerun roba, kujera ta bakwai babu kowa don an rasa mai so. Zaɓe duk shekara huɗu ne, amma na ƙarshe ba a jefa ƙuri'a ba, masu takara ba su kai yawan kujerun ba. Ba albashi, ba mota, ba 'yan rakiya. Akawu kaɗai ake biya, ita ma na 'yan awoyi a mako. 'Yan kallo mu biyar ne har da ni. Kuɗinsu wani ɗan kaso ne da suke yankawa duk shekara, a ɗora shi kan harajin gidaje, babbar majalisar gunduma ta karɓo ta miƙo musu. Wato wannan ba takwarar ƙaramar hukumarmu ba ce, irin 774 da muke da su, 23 a jihar nan. Ba su da makaranta, ba su da asibiti. Sun fi kama da mai unguwa da aka ba ɗan asusu da akawu.

Minti ashirin aka yi kan kashin karnuka a hanyar filin wasa. Wallahi. Sai ramukan titi, wanda ba nasu ba ne, na majalisar lardi ne, iyakarsu su rubuta wasiƙa, kuma akawu ta ce wannan ce ta uku. Sai wani mai son gina gidaje a gonar bakin gari, nan ma ra'ayi kawai za su bayar, gunduma ke yanke hukunci. Na fara hamma. Sai aka zo kan rufin coci, nan ne wurin ya ɗau zafi.

Ɓarayi sun taɓa ɓanɓare dalmar wani sashe na rufin, abin da aka ce ya addabi tsofaffin coci-coci a ƙasar, kuma facin da aka yi yana yoyo, daidai saman firjin kantin. Gwamnati ba ta biyan limaman Cocin Ingila, duk da cewa Sarki Charles ne shugabansa na sarauta kuma bishop 26 na zama a majalisar dattawan ƙasar. Gyaran gini kan jama'ar wurin yake, ga wani kaso da suke aika wa hedkwatar yankinsu duk shekara don albashin limamai. Duk wani babban gyara a irin wannan tsohon gini sai an nemi izini a rubuce. Kwamitin coci ya roƙi majalisa ta taimaka. Uwar Kanti ta miƙe ta ce tana da hannu a maganar, ta ɗauki jakarta ta fita waje cikin sanyi har aka gama. Wannan fitar ta fi komai tsaya mini a rai. Wani kansila, tsohon malamin makaranta, ya ce shi ba ya zuwa coci, mafi yawan masu biyan harajin ma ba sa zuwa, don me za a ɗauki kuɗinsu a liƙa wa coci rufi? Wata ta ce masa ai madarar da ya sha da safe a ƙarƙashin rufin ya saye ta. Akawu ta ce shekaru ana jayayya ko dokar 1894 ta hana irin wannan taimako, amma wata doka ta 2023 ta share hanya. Aka yi ta ja-in-ja, ba wanda ya ɗaga murya, amma kowa kunnensa ya yi ja. Ƙarshe aka ɗage zuwa zama na gaba, a kawo ƙiyasin 'yan kwangila uku. Nan na ji kamar ina gida.

Malamin nan ba ƙarya ya yi ba. A ƙidayar 2021, kashi 46 cikin 100 na mutanen Ingila da Wales ne suka ce su Kirista ne, karon farko da suka gaza rabi, kashi 37 suka ce ba su da addini. Ran Lahadi ina hango masu shiga ta tagar ɗakinmu, ba na cika yatsun hannu da na ƙafa. Limamiyarsu, mace ce, coci biyar take zagayawa da 'yar motarta, wani lokaci ta faɗo kanti a gurguje ta sayi abin taɓawa ta wuce. Tun 1994 suke naɗa mata. Ina can ma, ranar 3 ga Oktoba, aka sanar da Sarah Mullally a matsayin Akbishop na Kantabari, wato shugabar limaman Cocin Ingila, mace ta farko a wannan kujera. Ranar teburan shayi ba su da wata hira. Na koma gida na ba da labari, ɗiyata tana shayar da takwarana ta ce, "Baba, nas ce fa irina, har shugabar nas-nas ta Ingila ta yi." Na lura mutanen da ke shiga ginin nan don ƙwai da shayi a rana ɗaya sun ninka masu shiga don ibada a mako. Ko wannan daɗi yake wa limamiyar ko ciwo, ban tambaye ta ba.

Ranar 11 ga Nuwamba ina kan layi da burodi a hannu, ƙarfe 11 ta buga, sai kowa ya tsaya. Mai danna na'urar kuɗi ta sauke hannu, masu shayi suka aje kofuna. Minti biyu ba mai motsi, don tunawa da waɗanda suka mutu a yaƙi. Sunayen 'yan ƙauyen suna nan sassaƙe a bango, wasu gida ɗaya mutum uku. Ni kuma sai hankalina ya tafi kan wani tsoho a unguwarmu muna yara, wanda ya je yaƙin Bama, wato ƙasar Burma, a yaƙin duniya na biyu, ya dawo da lambar girma da tari, muna binsa muna tsokana. Na gaya wa mai zuma daga baya cewa dubban 'yan Arewa sun yi wa Ingila wannan yaƙi. Bai taɓa ji ba.

In za a tambaye ni maki, zuma da ƙwai da burodi goma bisa goma. Shayi uku. Farashi, ga mai lissafi da naira, kada ma ya lissafa. Mutane kuwa ba ni da abin cewa sai godiya, illa dai duk tsofaffi ne, kuma a wata uku ban ga matashi ko ɗaya a bayan kantar nan ba.

Abokin nawa na majalisa, bayan duk wannan, ya sa ɗan yatsa ya lasa, ya yi shiru, ya sake lasa. Yanzu kullum sai ya tambaye ni yaushe yaran za su zo gida. Makon jiya ɗiyata ta turo saƙo ta WhatsApp: majalisar ƙauyen ta amince ta biya wani ɓangare na rufin, ƙuri'a uku da biyu, malamin makaranta ya sa an rubuta ƙin amincewarsa a littafi. Ta ce kuma mai zuma ya tare ta a kanti, ƙullin da na bar masa ya ƙare. Hajiya ta riga ta daka wani, har da ƙarin citta. Duk mai tafiya Ingila cikin watan nan ya taimaka ya neme ni, bai kai rabin mudu ba.